Sun Raba 'Ya'yana Ina da Rai

Assalamu alaikum. Na san kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Wasu sun yi ta turo saƙo suna neman man gyaɗa, wasu kuma an ce musu na mutu. To, ban mutu ba. Yau zan buɗe baki.

Bayan rasuwar Baban Saudat zaman Kano ya gagare mu. Ga haya, ga tsadar abinci, ga yara bakwai. Na kwashe su muka koma ƙauyen mahaifinsu, nan gefen Ɗanbatta, inda ya bar mana ɗaki biyu da gona ɗaya. Ina ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, muna ɗan noman gero da wake. Ba a ƙoshi, amma ba ma roƙo.

Sai tari ya fara. Na ce hayaƙin suya ne. Zazzaɓi kullum da yamma, na rame har zani ya daina zama a ƙuguna. Na sha maganin kyamis, na sha saiwoyi, shiru.

Ranar da na tofa kaki na ga jini a kan ƙasa, na sa ƙafa na rufe don kada yara su gani.

Wan mijina, Yaya Iro, shi ne babba a gidan. Na aika a roƙe shi ya kai ni asibiti. Ya zo ya tsaya daga zaure, ko leƙowa bai yi ba, ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

"Hajara, wannan ciwon birni ne, ba ya jin magani. Shi ya ci ƙanina. Kai ki asibiti asara ce."

Alhali duk garin sun san hatsarin mota ne ya kashe mijina.

Daga ranar ba wanda ya ƙara sayen ƙuli-ƙulina.

Innata ce, tsohuwa da ciwon gwiwa, ta sayar da tumakinta ta sa ni a mota zuwa Kano. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka karɓi kaki a 'yar roba, aka ɗebi jini. Ina jiran sakamako ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ba mutuwar nake tsoro ba, wa zai riƙe mini bakwai ɗin nan?

Likita ya ce, "Mama, tarin tibi ne. Wancan ciwon da ake faɗa ba ki da shi. Wannan ana warkewa, maganinsa ma kyauta ne, amma kin makara ƙwarai."

Aka ba ni gado, aka yi mini ƙarin jini. Kuɗin hoto da jini da abinci suka cinye tumakin tas. Kullum da safe ƙwayoyi kafin a ci komai, ga tashin zuciya, fitsari ja kamar zoɓo. Matar da ke gadon kusa da ni, wadda muke raba koko, ina kallo aka ja mata mayafi.

Wata rana babbar 'yata Saudat ta zo dubiya. Na tambayi ƙannenta, ta sunkuyar da kai.

"Umma, Baffa Iro ya rarraba su. Ya ce ba za ki tashi ba. Biyu suna Bici, uku suna yi masa aiki, Ummi kuma an kai ta Bagwai gidan wata da ban sani ba. Gonar ma ya haɗe da tasa."

Ummi ko yaye ban daɗe da yi mata ba.

Ban yi kuka ba. Na ce Inna ta miƙo mini tuwon da na ƙi ci, na cinye shi duka. Ba zan ɓoye muku ba, tun daga nan duk ƙwayar da na haɗiya da sunan Yaya Iro na haɗiye ta.

Da aka sallame ni ban wuce gida ba. Ƙofar dagaci na tsaya, da takardar asibiti a hannuna, na ce a karanta a gaban jama'a. Aka karanta. Aka kira Yaya Iro, ya zo yana cewa zumunci ya yi.

Na ce, "Yaya, zumuncin ne ya sa ka raba gadona ina numfashi?"

Dagaci ya ce ya dawo da yara da gona da duk geron da ya girbe a cikinta. Yaya Iro ya ce zai aiko da geron. Na ce a'a, da rana tsaka nake so, ranar kasuwa, shi da kansa a gaban amalanke. Haka kuwa aka yi. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ina kallo yana sauke dami, mutane na wucewa.

Ummi ta dawo da ƙuraje a ka. Na miƙa mata hannu, ta ruga bayan Saudat tana ihu. Ta manta ni.

Yaya Iro ya turo liman ya ba ni haƙuri. Na ce, Malam, na san falalar yafiya, amma ban yafe ba. Ƙazafin da ya yi mini da mijina da ke kabari, da wannan gudun da 'yata ta yi, sai mun tsaya gaban Allah.

Na gama wata shida na magani, an sake gwaji, ƙirjina fes. Alhamdulillahi. Allah ya saka wa Inna da Aljanna, da Saudat, da ma'aikatan da ba su taɓa ƙyamata ba.

'Yan'uwa mata, tari in ya wuce sati biyu ku je a duba kaki, kada ku tsaya a kyamis kamar ni. Ku kai yaran gidan ma a duba su. In an fara magani kada a yanke don an ji sauƙi. Kuma tun kina da lafiya ki faɗa a gaban shaidu wanda zai riƙe miki 'ya'ya in kin kwanta.

Masu neman mai, na koma suya. Jiya ina tuya Ummi ta zo da kanta ta hau cinyata.