Kaset Mai Jan Zare

Jikana ya fitar da faifan waƙarsa na farko, kuma daga Abakpa har Unguwar Sarki tare ni ake yi a hanya ana mini barka, sai ka ce ni na yi naƙudar faifan. Ina amsawa, don ba a mayar da barka. Amma ni na san abin da aka yanka a wannan suna.

Yaron sunan marigayi Malam ya ci, wato mijina, don haka bakina bai taɓa kama sunansa ba, Maigida nake ce masa. Da ya gama jami'a ubansa ya turo mini shi ɗakin ƙofar gida, wai ya taya ni zama kafin aiki ya samu. Ya kuwa taya ni. Ya tara suma kamar gammo, ya je Kasuwar Barci ya sayo wando mai faɗin ƙafa irin wanda ƙannena suka yar tun ina goyon ubansa. Daga Panteka ya kinkimo wani tsohon fiyano mai lantarki, haƙoransa na gaba sun zube kamar nawa. Ga wani dogon abokinsa mai jita, wanda bai iya gaisuwa ba amma ya iya gane lokacin da na sauke tukunya.

Kiɗan nasu wani wii-wii ne, da ganga wadda babu fata babu makaɗi, daga cikin akwati take fitowa. Na leƙa na ce, "Maigida, wa ke ciwo a ɗakin nan?"

Ya ce, "Amarya, kiɗan zamaninku ne muke dawo da shi, amma sabo."

"Zamanin wa? Mu a zamaninmu in rediyo ya yi wannan kukan, mari yake sha ya dawo hayyacinsa."

Bai ji haushi ba, ya zaunar da ni yana mini bayani. Wai sai su ɗauki waƙar fes a kwamfuta, su zuba ta a tsohon kaset don ta kwaso wannan shuuu ɗin, sannan su mayar da ita kwamfuta. Shuuu ɗin, in ji shi, shi ne daɗin. Na ce madalla, a wanke riga tas a tsoma ta a kwata, a ce ado ne. Kuɗin makarantarka bai faɗi ƙasa banza ba.

Saboda wannan aikin ya ari rikodar Malam da kwalin tsofaffin kaset. Na ba shi, amma na cire guda ɗaya.

Malam tela ne, ya yi shekaru a Jidda yana ɗinki. Ni ban iya karatu ba, shi kuma ba ya son wani ya karanta mini maganarsa, don haka kaset yake ɗauka ya ba alhazai su kawo mini. In na saurara sai in juya ɗaya gefen in amsa, in ba wani matafiyi ya mayar. Kaset yana da wani ɗan kunne a gindinsa, in ka karya shi ba a iya ɗaukar wata magana a kai. Mu ba ma karyawa, tunda kaset ɗaya ke kai da kawowa tsakaninmu. Na ƙarshen ne ban mayar ba, don mai shi ya dawo da kansa. Na ɗaura masa jan zare don in gane shi cikin 'yan'uwansa. Bayan rasuwar Malam, duk Juma'a in na yi la'asar sai in saka shi.

Kada wani ya zaci kalaman soyayya ne a ciki. Tsadar zare ce, da a gyara indararo kafin damina, da a hana yaro ƙwallo. Sai dai in ya yi 'yar magana yakan tsaya ya ce, "Kina ji na ko?" Ya yi shiru kaɗan, kamar daga Jidda zai jiyo amsa.

Wata rana Maigida ya durƙusa, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya ce, "Hajiya, ban taɓa jin muryar mai sunana ba. Kuma zaren kaset tsufa yake. Ki ba ni in juye shi a kwamfuta, ko jikokina sai sun ji."

Na ce, "Ka ga jan zaren nan?"

"Na gani."

"To shi ne ranka."

Ya yi dariya ya karɓa da hannu biyu.

Ranar Juma'a na aika a kawo mini rikoda da kaset ɗina. Ya shigo da kwalin gaba ɗaya yana ta tono, gumi na zuba. Babu mai jan zare. Ashe jan zaren ya riƙa sarƙewa a bakin rikoda, sai mai ilimi ya kwance shi ya ajiye a kan taga. Ya fara juyewa aka ɗauke wuta, ya ce sai gobe, ya jefa kaset cikin kwali. Goben ta zo da dogon abokin, ya sa hannu ya zari wanda kunnensa ke nan lafiya, don zuba kiɗansu.

Muka yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya har na gane nawa da wata tsaga a murfinsa. Na danna. Inda Malam ke yin sallama, sai ga wii-wii. Na tura gaba, ganga. Na juya gefen da na amsa masa, jita. Ba su rage ko tari ba, yaran akwai aiki da tsafta.

Ban yi kuka a gabansa ba. Na ce, "Sannu da dawo da zamaninmu."

Ya kasa ɗaga kai. Can ya ce akwai ɗan abin da ya shiga kwamfuta kafin a ɗauke wutar, kuma don ya ji daɗinsa har ya sa shi cikin waƙar farko. Ya kunna mini. Ganga ta fara, fiyano mai giɓi ya biyo, sai na ji Malam tsakiyarsu: "Kina ji na ko?" Kiɗa ya zagayo, ya sake tambaya.

Malam fa. Mutumin da ko 'yan tashe suka tsaya a ƙofar gida sai ya ba su sadaka tun kafin su buga, don su wuce. Shi ne yau mawaƙi.

Na ce a cire shi. Maigida bai yi musu ba, ya cire, ya sa mini muryar ita kaɗai a waya. Na gwada ta Juma'ar da ta biyo. Kafin in gyara zama a kan tabarma ta ƙare. Na sake dannawa, ta sake ƙarewa. Babu shuuu, babu ɗan shirun da yake bari, kamar mutum ya leƙo ta taga ya wuce. A waƙar kuwa yana tambaya ya jira, ya kuma tambaya, har mutum ya samu zarafin amsawa.

Kwanaki ban kula yaron ba. Tuwonsa dai na ajiye masa, don horo daban yunwa daban. Dogon kuwa ya ɗauke ƙafa, Allah Ya sa ya ɗore. Daga baya na kira Maigida na ce ya mayar da kakansa inda ya ciro shi, amma kada a rubuta sunansa a ko'ina, kada kuma a gaya wa kowa da wa yake magana.

Ya ce, "Amarya, kin yafe?"

Na ce, "Ban ce ba. Cewa na yi ka mayar."

Da faifan ya fito, a waya mutane ke jin sa, amma sun buga 'yan kaset kaɗan don burga, a garin da rikoda ta fi kura wuyar gani. Ya kawo mini ɗaya. Ban bari ya tashi ba sai da na ɗauko wuƙar yankan kuɓewa na karya kunnuwan biyu a gabansa. Na ɗauko jan zaren daga kan taga na ɗaura, nesa da bakin rikoda.

Yanzu duk Juma'a bayan la'asar maƙwabta na jin wii-wii daga ɗakina. Har wata ta ce wa 'yarta Hajiya ta waye. Ni dai ina zaune, ina haƙuri da ganga da jita har ya zo ya tambaya. Sai in ce, "Ina ji, Malam. Yanzu kam duk Kaduna ma na ji."