Ajiyar Kaka a Bakina

Matso kusa, ja tabarmar nan, in gaya maka abin da ya hana ni ƙarasa tankaɗe jiya da la'asar. Ɗiyata ta auta ce ta dawo daga lakwal, makarantar boko, ta zauna gindin itacen bedi tana haddar Ingilishi da ƙarfi, yadda suke yi in jarrabawa ta matso. Sai na ji ta ce "luk afta". Rariya na hannuna ta tsaya cak. Ni da ko ajin farko ban gama ba, na ce mata, "Kula da abu ke nan, kamar yadda ake kiwon maraya." Ta ɗago tana kallona sai ka ce ta ga akuya na karatu. Ba ta san kalmar nan ta girme ta a bakina ba.

Kakata ta wajen uba tana da ɗan auta, baba ƙarami muke ce mishi. Yana cikin masu rakiyar shanu a ƙasa daga nan Dakoro zuwa Kurmi, can kudancin Najeriya. Wata tafiyar bai komo ba. Ya zauna, ya auri 'yar can, aka haifa mishi ɗa namiji. Da labarin haihuwar ya iso, kaka ta yi abin da ake yi wa kowane jika a gidanmu: ta ware tunkiya fara mai baƙin kunne, ta ce ta yaron ce, ita da duk abin da ta haifa. Yaron ya fara wayo ke nan aka aiko mana baba ƙarami ya rasu. Matar ta koma wajen danginta da ɗan. Abokan tafiya suka yi cigiyar gidan har suka gaji. Abu guda suka tabbatar mana: yaron ba ya jin Hausa, sai Ingilishi da yaren uwarshi.

Kaka ba ta yi kuka a gabanmu ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, "Jini ba ya ɓata hanya, zai zo. To in ya zo, da wane baki zan ce mishi ya shigo?"

Tana da wani taubashi, tsoho, wanda ya yi rakiyar shanu har ƙafa ta gaza, ya koma tufkar igiya a wata rumfa kusa da kasuwar dabbobi. Da aka gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, sai kaka ta dama fura, ta ɗora mini a kai, muka nufe shi. A hanya ta ce, "Kaina ƙwarya ce mai tsaga. Ke kunnenki ba ya zubarwa, ke za ki riƙe mini."

Da ya ji abin da ya kawo mu, tsohon ya yi dariya har igiya ta kuɓuce mishi.

"Ke da haƙoran nan biyu za ki yi Ingilishi? Ai iska za ta kwashe rabi."

"Kai da ka koya a bayan saniya fa? Sha furarka ka buɗe baki."

Har yau ina jin warin rumfar nan, kaba da taba da kashin awaki. Ya ce mana Ingilishi kamar raƙumi yake: kalma ita ce raƙumin, amma ɗan guntun da ake ɗaura mata shi ne akala, inda aka ja nan take bi. "Luk" dubawa ne kawai. In aka ce "luk fo", ya zama cigiya. In aka ce "luk afta", ya zama kiwo da kulawa. "Kam in", shigo. "Gib" bayarwa ne, amma "gib of" fid da rai ne, sallamawa. A nan ya daina dariya, ya ce, "Wannan, taubashiya, kada ki sa shi a baki sai kin aza 'no' a gabanshi."

Duk ranin nan muna zuwa. Ba ta nemi ta iya ciniki ko tambayar hanya ba. Magana uku take so: mun neme ka, na kula maka da tunkiyarka, ban fid da rai ba. Da hantsi tana sussukar gero tana faɗi, ina gyara mata. Matan gida su yi ta ƙunshe dariya a bakin zane.

Sai ga shekarar da ruwa ya ƙi. Dabbobi na faɗuwa a hanyar Korahane, ungulu ma ta ƙoshi. Tunkiyar nan ta riga ta zama ɗan garke. Babana ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, a sayar tun suna iya tsayuwa." Ta ce, "Na riga na haddace zan ce mishi na kula. So kake in yi ƙarya da Ingilishi?" Dusarta ta ba su, ta kwance zanan ɗakinta suka ci. Biyu suka rayu, duka masu baƙin kunne.

Da damina kakata ta rasu, ƙasa na ƙamshin ruwan fari. Kafin nan ta sa aka kira ni, ta ce in biya mata. Na biya, leɓenta na bin nawa ba sauti. Ta ce, "Ajiya ce. Ki ba mai ita."

Na yi aure, na haihu, ban taɓa wuce Maradi ba. Wata ran kasuwa ina daka a gidan mijina, matar maƙwabcinmu ta shigo da la'asar tana ba da labari kamar abin dariya. Wai wani baƙo ya sauka daga babbar motar masu sayen raguna, yana bin rumfuna yana tambaya da Ingilishi. Aka yi mishi Faransanci, ya girgiza kai. Tsohon taubashin nan mai jin Ingilishi kuwa ya daɗe da rasuwa. Wani ya nuna mishi ofishin magajin gari, ya tarar a rufe. Ta ce, "Tafiyarshi ma sak ta marigayi babanku ƙarami, kafaɗa guda a karkace."

Ban san sa'ad da na yar da taɓarya ba. Na isa tasha mayafi a hannu, ba kowa sai sawun taya da warin man gazuwal. Wasu suka ce ɗan kasuwa ne kawai, kuɗinshi yake bi. Mai yiwuwa. Amma na tsaya a bakin hanyar da ta yi kudu, na faɗi maganar nan uku da ƙarfi, 'yan kamasho na kallona. Na ƙara da "kam in", ko da yake ba ƙofa a wurin.

Yanzu ba mai rakiyar shanu a ƙasa, mota ke kwasarsu. Yara na da salula da ke juya Ingilishi ya koma Hausa kafin ka ƙifta ido. Da salular na nan lokacin, da ko yaron ƙauye ya fahimci baƙon. A garken ƙanena har yau akwai tumaki masu baƙin kunne da ba a kai su kasuwa, 'ya'yanshi ba su san dalili ba. Ni kuma duk ran kasuwa, in na ji babbar mota ta tsaya, sai in ji leɓena na motsi da kanshi.

Haƙorana sun fara bin na kaka. Ɗiyata ta ce in faɗa mata ta rubuta, amma ba takarda aka ba wa ajiyar ba, ni aka ba. Kai da kake yawo ka ga duniya, gaya mini: in mai ajiya bai zo ba har mai riƙo ya kwanta, hannun wa ake danƙa wa?