Faifan Baba a Hannun Yaya

Akwai wani ƙamshi da takarda ke yi idan ta fito daga firinta da ɗuminta. Yaran da nake koya wa kwamfuta a wata sakandare a Makarfi ba sa ma lura da shi. Ni kuwa duk ranar da ya bugi hancina, sai in tsinci kaina a ƙofar gidanmu na Malikanchi, a ƙasar Ikara, ina 'yar firamare, ina kasa kunne in ji ƙarar babur ɗin Baba ranar Juma'a da yamma.

A Zariya Baba yake aiki, a wani ofis mai kwamfuta. Kada ka kawo irin ta yanzu a ranka. Ya ce mana girmanta ya kai kabad biyu a jere, ɗakinta daban, da na'urar sanyi da ba a kashewa, har mutum ya nemi rigar sanyi a tsakiyar bazara. Mu da zafi ke kora daga ɗaki, tatsuniya muka ɗauke ta. Abin da ya sa muka yarda shi ne takardun da yake zuwa da su, dogaye, a linke, gefe da gefe duk huji. Waɗanda ya gama da su, Inna ke ƙulle daddawa a ciki.

Kakanmu, wanda kowa ke kira Malam, shi ke karantarwa a zaure. Daga Gazara har Kudan ana zuwa wajensa rabon gado. Da farko bai ɗauki aikin Baba bakin komai ba. Wata rana da damina, ruwa ya hana ɗalibai zuwa, sai Baba ya ce masa injin nan zai iya raba gado in aka koya masa. Malam ya ɗago kai daga littafi.

"To, kai masa wannan. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu, uwa ɗaya uba ɗaya."

Da Juma'a ta zagayo Baba ya dawo da takarda. Injin ya ba miji rabi, ya ba 'yan'uwan matan kashi biyu bisa uku, jimilla ta fi dukiyar yawa. Ban taɓa ganin Malam ya yi dariya irin ta ranar ba, har yana share hawaye da bakin rawani.

"Injinka ya raba abin da babu," in ji shi. "Zauna in nuna maka yadda ake rage wa kowa."

Daga nan abin ya zama nasu su biyu. Kowace Asabar da hantsi za ka same su a kan buzu ɗaya, Malam yana kawo mas'ala, Baba yana rubutawa, wani satin ya dawo da amsa. Shekaru suka yi a haka. Malam ya riƙa tono masu wuyar da ya ji daga bakin malamansa, har da waɗanda aka yi saɓani a kansu, Baba kuma yana sa su cikin injin da bayanin Malam kalma da kalma. Ni ce mai kawo musu fura. Da Baba ya ga ba na tashi in na ajiye ƙwarya, sai ya zana min madannan injin a jikin kwali, ya koya min inda kowane yatsa ke zama.

Yaya, wanda nake bi, ba ruwansa da wannan. Shi ɗan gona ne tun yana ƙarami, ya san ƙasar da za ta yi rake da wadda za ta yi barkono. Amma yana sona. In rafi ya kawo, shi ke ɗora ni a wuya ya haye da ni zuwa makaranta, kuma ban taɓa jin tsoro ba ina riƙe da kansa.

Malam ya rasu ina aji na ƙarshe a sakandare. Bayan wasu shekaru aka ce injin ofis ya tsufa, aka kwance shi aka fitar. Kafin a kashe shi Baba ya kwafe aikinsu duka a faifai guda. Faɗinsa kamar faifan rufe ƙwarya, an naɗe shi da zare irin na kaset, sai dai ya fi shi faɗi. Ya sa shi cikin akwatin ƙarfe, ya ajiye a ƙarƙashin gado.

Shekarar da ruwa ya ci bangon ɗakin Baba, na riga na yi aure, Yaya kuma ya koma Taba inda ya sami fadama ya yi ginin siminti. A gabana Baba ya miƙa masa akwatin.

"Wannan na ƙanwarka ne, ita ta san abin da ke ciki. Gidan haya take, ka ajiye mata inda ruwa ba zai taɓa shi ba."

"Insha Allahu, Baba. Kamar yana hannunka."

Duk Sallah sai na tambaye shi. Amsarsa ba ta canzawa: yana nan lafiya, ya ma naɗe shi a leda.

Shekarun baya-bayan nan na ci karo da wasu mutane a intanet masu son tsofaffin kwamfutoci. Sun rubuta manhaja da ke sa laftof ta kwaikwayi irin injin ofishin Baba, ta yi kamar ita ce shi. Sun kuma adana babbar manhajar da ke tafiyar da injin tun wancan zamani, kowa na iya saukewa. Na sauke su biyun. Na sha wuya kafin su yarda da juna. In na gyara girman ma'ajiya sai manhajar ta ƙi buɗewa, in ta buɗe sai allon ya cika da tarkacen haruffa, ga wuta da ke ɗaukewa, ga data da ke ƙarewa a tsakiyar aiki. Wata Lahadi bayan azahar, baƙin allon ya fito da 'yar alama guda, yana jira. Na rubuta sunan manhajar kamar yadda bayanin ya ce. Sai ga shi ya rubuto kalmar da na sha gani a saman takardun daddawar Inna, yana neman in shiga da sunana. Da na sa masa kwanan wata, bai ma san shekarar da muke ciki ba. Na zauna ina kallon sa.

Saura faifan. Wani dattijo a cikin mutanen nan, a wata ƙasa mai nisa, ya ce yana da na'urar karanta irinsa, in aika masa zai kwafe min kyauta. Na kira Yaya da murna. Ya ce to, madalla, amma makullin akwatin ya ɓata, in bari ya nema. Wani satin ya ce yana kasuwa. Wani kuma wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

Da kaka ta gabato, maigidana ya ce mu je kawai. Mun bar kwalta muka bi hanyar da ta ratsa fadama. Shinkafa ta sunkuyar da kai, ta fara ja. A saman gonar Yaya an kafa sanduna, an ja wani zare daga wannan zuwa wancan, iska na kaɗa shi yana walƙiya yana 'yar ƙara. Kowa ya san ana korar tsuntsu da zaren kaset. Amma wannan ya fi na kaset faɗi. Na ce a tsaya. Na sauka na kama shi da yatsu biyu, rana ta riga ta cinye bayansa, wani jan gari ya manne min a hannu.

Yaya ya taso daga bakin gona. Sai da muka gaisa, gaisuwa cikakkiya, ya gida, ya yara, ya aiki, ina riƙe da zaren.

"Yaya, tun yaushe?"

Ya kalli shinkafar. "Tun shekarar da tsuntsayen janbaki suka yi mana ɓarna. Kaɗan nake yanka duk kaka."

"Duk kaka. Ni kuma duk Sallah kana ce min yana cikin leda."

"Zare ne fa. Injin ya mutu tun tuni. Wa ya san za a tashe shi?"

"Da ka faɗa min."

"Da na faɗa miki, da wannan fuskar za ki yi min."

A gida ya ɗauko min abin da ya rage, ɗan naɗi siriri a jikin faifan. Na san yadda ake rubutu a irinsa, daga bakin waje ake farawa. Aikin Baba da Malam shi ne yankan farko. Duk da haka na aika wa dattijon nan. Ya amsa min cikin ladabi cewa babu komai a kai.

Ban iya faɗa wa Baba ta waya ba. Na ɗauki laftof na tafi Malikanchi, na same shi a zaure bayan la'asar. Idonsa ya yi rauni yanzu, sai na ƙara girman haruffan na ɗora masa a cinya. Ya matso da fuska, ya daɗe yana kallo. Sai yatsunsa suka hau madannai da kansu. Ya yi kuskuren harafi, na kai hannu zan goge masa, ya ture ni.

"Wannan ba ya gogewa, Uwata. Alama ake sa masa a gaba, shi ya san ka janye."

Ya nemi jerin abin da ke ciki, injin ya jero masa. Ya yi murmushi kamar wanda ya ga abokin ƙuruciya a tasha. Sannan ya ce, "To, sa mana faifan."

Na faɗa masa. Ban rage ba, ban ƙara ba. Bai yi faɗa ba, bai ambaci sunan Yaya ba. Ya janye hannuwansa daga madannan ya ɗora a gwiwa.

"Lissafin zan iya tunawa," in ji shi can. "Maganar Malam ce ba zan iya ba."

Mun gwada. Duk hutun makaranta nakan je, yana faɗa ina rubutawa cikin tsohon injin da ke zaune a cikin sabon. Masu sauƙin sun dawo. In muka kai ga masu wuyar sai ya tsaya, ya ce a nan Malam ya kawo wani bayani, ya yi ta murza goshi, daga ƙarshe ya ce mu wuce.

Yanzu ɗalibaina suna ce min babu abin da ke ɓata, komai yana ajiye a intanet. Ba na musu da su. Mutanen da ban taɓa gani ba, da ba su san akwai wani gari Ikara a duniya ba, sun riƙe manhajar nan shekaru da yawa ba tare da harafi ɗaya ya salwanta ba. Wanda muka sha nono ɗaya da shi ya kasa riƙe faifai guda a cikin akwati. Da ruwa ne ya ci, ko gara, da na ce ƙaddara na haƙura. Abin da ke ci na shi ne Sallolin nan, yadda yake kallon idona yana cewa yana nan lafiya, alhali ya san inda almakashinsa yake.

Muna gaisawa har yanzu. Dole ne, Baba yana da rai, kuma ya ce in bar maganar. Bayan girbi Yaya ya aiko min da buhun shinkafa a bayan babur ɗin ɗansa, ba tare da wani saƙo ba. Shinkafa ce mai kyau, tsuntsu bai taɓa ta ba. Na dafa wa yara da maigida, sun ci sun yaba. Ni tuwon masara na tuƙa wa kaina har buhun ya ƙare.