Ƙofar Ɗakin Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba, balle yabo. A wurinmu uba ya yabi ɗan farinsa rashin kunya ne. Na san haka, amma sanin bai hana abin ci mini rai ba. Har furfura ta fara fito mini ina son in ji ya ce aikina ya yi, ko sau ɗaya.

Shi ya kafa rumfar waldar da nake ciki a Bodinga. Da hasken walda ya cinye masa idanu, sai ya koma gida Kajiji, ya bar mini inji da guduma da tsohon zartonsa. Saɓaninmu da shi ɗaya ne, a kan kusurwa. Idan za a yi firam da angul, ƙarfen nan mai fuska biyu, ni datsa shi nake gida huɗu da giranda, in karkata bakunan, in haɗa, in liƙe. Kafin shayi ya huce na gama. Baba kuwa ba ya datsewa. Zai ɗauki ƙarfe guda, ya zana da alli, ya cire ɗan yanki mai kusurwa uku daga fuska ɗaya kawai, sannan ya lanƙwasa a hankali har baki ya haɗu. Ɗaya fuskar tana nan lafiyarta lau. Mahaɗar ƙarshe ma tsakiyar tsawo yake kai ta, ba ya yarda ta faɗa a kusurwa. Walda ɗinki ce, in ji shi, ɗinki kuwa bai kai saƙa ba. Ni kuma in ce a raina, tsoho da son wahalar da kai.

Wata damina gara ta cinye ƙofar ɗakinsa, Inna ta aiko a gaya mini. Na ce ta ƙarfe zan yi masa. Har na ɗauki giranda, sai na ajiye. Ba zai ga aikin ba, amma zai shafa, kuma na san inda yatsunsa za su fara zuwa.

Ƙarfe biyu na ɓata. Na farko yankan ya yi faɗi, baki ya ƙi haɗuwa, kana iya zura yatsa. A na biyu na manta kaurin ƙarfen wajen awo, firam ya fito ya fi gurbinsa. Maƙwabcina tela yana leƙowa yana dariya, wai ashe gwani ma yana komawa makaranta. Na ce ya ji da almakashinsa. A na uku na natsu. Na ɗisa walda kaɗan a kowace kusurwa, na ja zare daga wannan zuwa wadda ke kallonta, na juya ɗaya gefen, tsawo ya zo daidai. Sannan na cike, ina tsallakawa nan da can don kada zafi ya murɗe shi.

Na ɗaure ƙofar a bayan babur na nufi Kajiji, ina kauce wa taɓo kamar mai ɗauke da ƙwai. Na tarar da Baba a kan tabarma shi da ƙanensa, Baffa. Na durƙusa na gaishe su, na jingina ƙofar kusa da shi. Na koma na durƙusa ina jira kamar yaro, ni da nake da 'ya'ya biyar.

Ya miƙa hannu. Bai kula fenti ba, bai kula sakata ba. Kusurwar sama ya laluba, ya bi bayanta da babban yatsa yana neman tabon walda. Bai samu ba. Ya koma ta biyu, ya sa aka kwantar masa da ƙofar ya bi sauran. Ya daɗe a kan ta huɗu.

Sai ya juya wajen Baffa, kamar ba na wurin.

"Wa yay yi aikin ga?"

"Wa kuwa, Yaya? Ga shi nan gabanka durƙushe."

Baba ya sake shafa kusurwar. Can ya ce, "Ashe idanu kaɗai nir rasa. Hannuwana suna Bodinga." Ya gyara zama, ya ɗaga murya. "A kahwa ta tun hadari bai taso ba."

Na tashi na zagaya bayan ɗaki wai neman guduma, alhali tana hannuna. Kuka na yi, ba na ɓoyewa.

Damina biyu ya ƙara a duniya, bai sake tayar da zancen ba. Ina kewarsa ƙwarai. Tun da ya rasu, duk zuwan da zan yi Kajiji sai na zauna kusa da Baffa, in yi kamar na manta, in ce, "Baffa, mi ma Baba yac ce ranar ƙohwan nan?" Shi kuma ya maimaita mini, har da kwaikwayon muryar. Mu biyu ne kaɗai muka ji.

Baffa ya tsufa yanzu. Da sallar da ta wuce na sake tambayarsa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Wace ƙohwa?"