Harafin da Kawu ya tambaye ni a Bagwai

Mun tashi da asuba daga Bacirawa, ni da abokiyar aikina da muke koyar da kimiyya tare a sakandare. Kawuna na Bagwai ne ya aiko cewa gonar dawarsa ta daina ba da komai shekara uku a jere, ga taki ya fi ƙarfin talaka, har ya fara tunanin sayar da ita. A gonar nan aka haifi mahaifiyata, lokacin akwai bukka a cikinta. Na ce ya dakata in zo in auna ƙasar tukuna.

Motar da muka samu ta hanyar Bichi sai da ta cika maƙil sannan ta motsa, domin tun da mai ya yi tsada direba ba ya tashi da kujera ko ɗaya a wofi. Aka cusa mu huɗu a baya, da wata tsohuwa mai kaji biyu a cinya. Damina ta kusa, ko'ina ana sharar gona, jakuna na kai takin gida a mangala. Gona na manne da gona, ba daji ko kaɗan. A Bichi muka karya da ƙosai, wanda ya ƙanƙance har abokiyar tafiyata ta ce shi ma azumi yake yi.

Mun isa da hantsi. Bayan gaisuwa da fura, Kawu ya kai mu gona. Na ɗebi ƙasa wuri biyar, na dama da ruwa mai tsabta, na tsoma 'yar takardar awo mai sauya launi. Takardar ta koma launin ruwan lemo. Na ce masa ƙasar ta yi tsami, shi ya sa ko an zuba takin zamani ba ya kamawa sosai.

Kawu ya karɓi kwalin takardar, ya nuna haruffa biyun da ke jiki, pH.

"Malama, wannan fa me yake nufi?"

Na ce babban harafin na sinadarin haidurojin ne.

"To ƙaramin fa?"

Shekara goma sha ɗaya ina rubuta shi a allo, ɗalibi bai taɓa tambayata ba. Na gaya masa gaskiya: Baturen da ya fara rubuta shi bai bayyana ba. Wasu sun ce farkon kalmar "ƙarfi" ce a harsunan Turai, wasu sun ce alama ce kawai da ya sa wa kwalbar gwajinsa. Har yau ba a daidaita ba.

Ya yi dariya har da riƙe gemu. "Ashe ku ma kuna da abin da ba ku sani ba! Masu sayar mini da taki ba su taɓa cewa ba su sani ba. To yanzu na yarda da awon naki."

A gida matarsa, Inna, ta ɗauko tsohon buhun taki ta ce in fassara mata haruffan NPK da ke jikinsa. Da na zo kan K na ce daga kalmar Larabci yake, ta tokar itace, sai ta nuna tukunyar da take tace ruwan toka don miya. Ta ce ashe tun tuni boko take yi a madafa. Muka tsara cewa za su tara tokar unguwa su haɗa da takin dabbobi, tunda toka na rage tsamin ƙasa, su sa wake a rabin gonar bana. Kawu ya ce maganar sayarwa a bar ta sai bayan kaka.

Mun dawo Bacirawa gab da magariba, da kuka da daddawa a jaka. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne mutum ya fi amincewa da iliminka idan ka nuna masa inda ya tsaya. Ranar Litinin na rubuta ƙaramin harafin a allo, na ce wa ɗalibaina wannan har yanzu ba a san asalinsa ba. Hannu bakwai suka tashi.