Sallama Uku a Ƙofar Surukata

Wani malamin makarantar boko, ɗan unguwarmu, ya saka ni a littafi ya mai da ni mai kisan kai. Bai rubuta sunana ba, ya dai ce "mai jan ƙaya", kuma duk Tudun Wada mutum ɗaya aka taɓa kira haka. Wai ƙagaggen labari ne: duniya ta ƙare, gidaje kaɗan sun saura a kan tudu suna neman yadda za su rayu. Karatuna bai yi nisa ba, da yatsa nake bin layi, amma tun shafi na biyu na gane unguwarmu.

Shekarar annobar mura ce, lokacin Tudun Wada 'yan gidaje ne a bayan ganuwa. Masu dangi a birni suka koma birni, har da uban malamin nan, shi malamin yana goye. Mu baƙi muka zauna, don ba inda za mu. Kasuwa ta daina ci. Da rana tsaka ka tsaya a hanya, ba daka, ba kukan yaro, sai awaki suna shiga zauren mutane suna fita ba mai kora. Ladan ya rasu, kowa ya dubi inuwa ya yi sallarsa.

Mu da ke iya tsayuwa muka haɗa hatsinmu a gidan liman, tukunya ɗaya. Masu haƙa kabari sun gaza, sai liman ya yanke: kowace safiya a bi gida gida a yi sallama sau uku. In an amsa, a kai kunu. In shiru, a ja ƙaya a toshe ƙofa saboda kuraye, har masu haƙa su iso. Ni ke da sauran ƙarfi, aka ba ni.

Ran nan na iso gidan surukata. Kwana ɗaya da binne mijinta, ita kaɗai ta rage. Watana biyar da auren 'yarta, kuma tun da aka ɗaura ba ta taɓa bari na ji muryarta ba. In ta hango ni sai ta sake hanya. Da, mijin ke amsa mini. Ga kunyar suruki, ga takaba. Wallahi ban tuna cewa ba za ta amsa mini ba. Na tsaya a zaure na yi sallama. Na sake. Ta uku na ɗaga murya, "Inna, kina nan?" Kaza ta leƙo ta koma. Na fito na ja ƙaya.

Sai da aka kwana huɗu masu haƙa suka iso, ina tare da su. A zaure muka same ta, zaune, ta jingina da bango dab da ƙayar, ƙwarya a cinyarta ba komai ciki. Jikinta da sauran ɗumi.

A littafin malam, wai na ji tarinta sarai, na toshe ta don in gaje rumbu. Mata suka kai wa matata zancen. Shekara talatin ba ta taɓa tambayata ba, sai ranar da ta ajiye mini tuwo ta ƙi tashi. Ta ce, "Maigida, ka ji ta?"

Na ce a'a. Ta ɗauki tabarmarta ta koma ɗakin baya, har yau.

Na sami malamin a zaurensa bayan la'asar, yana feƙe fensir.

"Haba Baba," ya ce yana dariya, "ai labari ne. In ba mugu a ciki wa zai karanta?"

Na ce, "Kana goye aka gudu da kai, to bari in gaya maka abin da ba ka gani ba. Da ta yi tari, da na ji, da ta sha kunu. Da matan liman suka zo yi mata wanka, gefen zanenta suka gani duk ta tauna shi, ya huje. Cusa shi ta yi a baki, kada surukinta ya ji tarinta. Ni na toshe ƙofar, ban musa ba, kuma ni zan amsa gaban Allah. Amma ka saka mata tarin da ta mutu tana dannewa. Tashi ka sa takalminka, ka zo ka faɗa wa 'yarta da bakinka cewa kai ka ƙaga shi."