Bukkar da Yaya Bashiru Ya Gina Cikin Kwamfuta

Makon jiya, ranar da Yaya Bashiru ya cika shekara uku da rasuwa a ruwan Kaoje, ina durƙushe ina regayar shinkafar sadakarsa sai na tuna tun asuba ɗan da ke cikina bai motsa ba. Cikin fari ne, wata bakwai. Na sha ruwan sanyi, na kwanta, na dafa cikin. Shiru.

Maigidana ya ɗauke ni a babur zuwa ƙaramin asibitinmu na hanyar iyakar Benin. Birnin Kebbi da nisa, ga damina ta cinye hanya. Gatanmu kawai na'urar hoton ciki ta asibitin, wadda ba don Yaya ba da tuni tana juji.

'Yar Kwatano ce, tare da tsohuwar kwamfutarta ta zo. Da kwamfutar ta ƙone aka sayo sabuwa, sabuwar ta ƙi karɓar faifan na'urar, aka ce sai haƙuri. Yaya, mai shagon kwamfuta a Bagudo, ya ce a ba shi ya gwada. Ya sa wata manhaja da yake kira emuleta, mai kwaikwayon tsohuwar kwamfuta, ya ɗora tsohon tsarin a cikinta. Da na tambaye shi me yake yi, cewa ya yi, "Kaka ce ta ƙi sabon gida, shi ne nake gina mata bukkarta a tsakar falo."

Sai ga shi faifan Faransanci yake yi. Yaya ya je kasuwa ya ɗauko Inna Salamatu, mai kawo manja daga tsallake, ya zaunar da ita gaban kwamfutar tana karantawa tana juya masa da Hausa gauraye da yaren Dendi.

"Kwamfutar ta ce ka yarda?"

"Na yarda, Inna."

"Ta sake cewa ka yarda?"

"Na yarda."

"Kai wanga yaro! Ranar da ka yi aure ka shiga uku."

Abokansa sun sha yi masa tsiya, wai kowa na neman sabo shi yana tonon tsoho. Yau da ake canza waya kamar riga, nakan tambayi kaina me zai ce. Na san ba zai yi wa kowa gori ba. Faɗa zai yi don har yanzu ba a samu wanda ya koyi aikin ba, alhali kwamfuta ba ta dawwama.

Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari wata 'yar taga ce a allon kwamfuta. Matan garin Bahindi da na tsallaken iyaka suna kwanciya gabanta ba su san sunansa ba. Ni na sani, kuma ina alfahari da cewa ciki ɗaya muka fito. Allah Ya kai haske kabarinsa.

Ranar nan ungozoma Malama Hauwa ta kunna, tagar ta buɗe, tsohon tsarin ya shiga tashi a hankali. Na fashe da kuka.

"Kak ki ji tsoro, Kaka ba ta son gaggawa," in ji ta.

Ta shafa min man mai sanyi, ta yi ta yawo da kan na'urar bisa cikina. Ana kiran azahar ta juyo min da allon, ta ɗora yatsa kan wani ɗan ɗigo mai bugawa.

"Ga zuciyatai nan, ɗiyata. Kwana ɗai shikai, malalaci. Ke da shi duk lahiya lau."